Ɗaukar Tukwanen Gas Na Firiji Da Na'urar Sanyaya Ɗaki A Motar Aiki

Jawabi ga masu sana'ar gyaran firiji da na'urorin sanyaya ɗaki da na mota, da direbobinsu, da 'yan kasuwar da ke sayar musu da gas.

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a jawo hankalin duk wanda ke cin abinci da sana'ar sanyi ga wani canji da ya riga ya shigo kasuwa ba tare da an yi masa shela ba. Tukunyar gas da mai gyara ya saba jefawa a but ɗin mota, ko ya ɗaure ta da roba a bayan babur, siffarta tana nan yadda aka san ta, amma abin da ke cikinta ya sake. Gas ɗin da aka saba da shi a da, watau irin su R-12 da R-22 da R-134a da R-410A, ba ya kama wuta a halin yau da kullum. Wanda ke maye gurbinsa yanzu kuwa yana kamawa. Tun da kiɗa ya sauya, tilas rawa ta sauya, musamman wajen ɗaukar tukunyar daga shago zuwa wurin aiki, domin a tsakanin nan ne ta ke shan rana da gargada da cunkoson motoci.

Asalin canjin shi ne Yarjejeniyar Montiriyal ta shekarar 1987, wadda Nijeriya ta shiga a 1988, inda ƙasashen duniya suka amince a daina amfani da sinadaran da ke cinye rufin iskar ozon, wanda ke kare halitta daga ƙunar rana. A ƙarƙashinta aka kawar da R-12 daga ƙasashe masu tasowa a 2010, R-22 kuma an ɗibar masa wa'adin 2030, in ban da ɗan abin da za a bari don gyaran tsofaffin na'urori. Waɗanda suka gaje su ba su taɓa ozon, amma sai aka tarar suna ɗumama duniya ƙwarai: kilo ɗaya na R-410A in ya tsere sama, daidai ya ke da kilo 2,088 na hayaƙin kabon. Saboda haka a shekarar 2016 aka yi wa yarjejeniyar gyara a birnin Kigali, Nijeriya ta tabbatar da gyaran a 2018, aka tsara rage irin wannan gas da kashi 10 cikin 100 a 2029, a yi ta ragewa har a kai kashi 80 a 2045. Ofishin Kula da Ozon na Ƙasa, a Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, shi ke lura da wannan shiri.

Ta nan R-32 ya sami shiga, domin adadinsa 675 ne kawai, kuma sababbin na'urorin sanyaya ɗaki da yawa da shi su ke zuwa. Motoci kuma, tun daga Janairun 2017 ba a sayar da sabuwar ƙaramar mota mai R-134a a Tarayyar Turai, yawancinsu R-1234yf a ke zuba musu, ga shi kuwa irin waɗannan motoci ne ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Ikko bayan sun yi 'yan shekaru a can. Akwai kuma R-454B da ke tafe. Dukan ukun nan masana sun sa su a rukunin da su ke kira A2L.

Ma'anar "mai kama wuta kaɗan"

Harafin A na nufin gas ɗin ba shi da guba mai yawa, 2L kuma na nufin yana kama wuta, amma da ƙyar, kuma harshen wutar ba ya gudun da ya wuce santimita 10 a daƙiƙa. Wannan gaskiya ne, ba kuwa ƙaramar gaskiya ba ce. R-32 ba ya kamawa sai ya kai wajen kashi 14 cikin 100 na iskar wurin, alhali R-290, wanda ɗan'uwan gas ɗin girki ne, kashi 2 da ɗan ɗoriya ya ishe shi. Harshen wutar R-32 bai kai santimita 7 a daƙiƙa ba, na R-290 kuwa wajen 40 ne. Ɗan tartsatsin da ke tashi daga gogar tufafi, ko daga ƙaramin makunnin fitila, galibi ba ya iya kunna R-32. Amma ashana tana iyawa, da leta, da wutar walda, da irin tartsatsin da ke tashi in sifana ta faɗa kan batir ta haɗa kawunansa biyu.

Inda kalmar "kaɗan" ta ke yaudarar mutane shi ne, ta fi dacewa ne da na'ura guda a cikin ɗaki mai faɗi, inda gas ɗin da ke cikin na'urar bai fi kilo ɗaya ko biyu ba. Mota kuwa ba ɗaki ba ce. Ga lissafi mai sauƙi. R-32 yana isa matsayin kamawa in giram 300 da 'yan kai suka taru a kubik-mita guda, watau akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. A ɗauka cikin ƙaramar mota kubik-mita 3 ne. Ke nan abin da bai cika kilo ɗaya ba ya isa ya mai da motar duka abin tsoro, wanda kuwa ya ɗauko tukunya mai kilo 10, kashi ɗaya cikin goma na kayansa ke nan. In a but aka sa ta, a ce rabin kubik-mita, giram 150 ya wadatar, abin da in yana ruwa bai cika kofin shayi ba. Bugu da ƙari, gas ɗin ya fi iska nauyi kusan ninki biyu, R-1234yf ma kusan ninki huɗu, don haka ba ya watsuwa daidai. Kwanciya ya ke yi a ƙasa, ƙarƙashin kujera da ramin safaya taya, ya kai matsayin kamawa a can tun kafin sama ta san abin da a ke ciki.

Wani abin lura kuma, gas ɗin girki da gangan a ke zuba masa wari don hanci ya ba da labari. Gas ɗin sanyi ba a zuba masa kome. Direba zai iya yin tafiyar awa guda, gilasai a rufe, bai ji warin kome ba, sai dai ya ji kansa na juyawa, ya ɗauka rana ce ko yunwa, alhali gas ne ke korar iskar da ya ke shaƙa. Wannan haɗari na shaƙewa yana nan ko da tsohon gas ne wanda ba ya kama wuta, kuma shi kaɗai ya isa hujja a raba tukunya da wurin zaman mutane.

Abin da doka ta tanada

Dokokin sufuri ba su san wani abu wai shi "kaɗan" ba. A tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na kaya masu haɗari, irin wannan gas ko dai mai kama wuta ne, a ba shi lamba 2.1 da tambari ja mai hoton harshen wuta, ko kuwa marar kamawa ne, a ba shi 2.2 da koren tambari. R-32 yana 2.1, lambar shaidarsa UN 3252. R-1234yf da R-454B su ma suna 2.1, lambarsu UN 3161. Watau a idon dokar hanya, tukunyar R-32 da ta gas ɗin girki ajinsu ɗaya.

Akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan jigilar kaya masu haɗari a kan hanya, wadda aka sani da ADR, aka ƙulla ta a Janiba a 1957, Nijeriya kuma ta shiga cikinta a 2018. Asalinta domin motocin da ke tsallaka iyaka ne, amma ma'auninta shi ne wanda ya kamata kowane kamfani ya kwatanta aikinsa da shi. Ta yi sassauci ga ƙaramin kaya: mota za ta iya ɗaukar har kilo 1,000 na gas marar kamawa ba tare da an ɗora mata dukan sharuɗɗan manyan motoci ba, amma mai kamawa kilo 333 ne iyakarsa. Sassaucin kuwa bai yafe kome daga tushen aikin ba, domin ko a ƙasa da wannan adadi tilas tukunya ta kasance ingantacciya mai tambari, a ɗaure ta, a riƙe abin kashe gobara mai hoda na kilo 2 aƙalla, mai ɗaukar kayan kuma a koya masa abin da ya ɗauko. A Amurka an yi wa masu sana'a rangwame makamancin wannan, inda iyakar ta ke kilo 200 duka-duka, har da nauyin tukwanen kansu da sauran kaya masu haɗari da ke cikin motar. Mai gyara da ke fita da tukunya biyu ko uku bai kusanci ko ɗaya daga waɗannan iyakoki ba, saboda haka abin da a ke nema daga gare shi ba mai nauyi ba ne, uzurinsa kuma in ya ƙi yi kaɗan ne. Dillalin da ke lodin tukwane daga Ikko zuwa Anacha ko Abuja, shi kam tilas ya zauna ya yi lissafin kilo kafin mota ta tashi.

A cikin gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana aiki da Ƙa'idodin Zirga-zirgar Hanya na 2012, kuma tuƙa mota ba tare da abin kashe gobara ba laifi ne mai tara, haka ma lodin da ya wuce ƙima. Shigo da gas ɗin daga waje sai da izinin hukumar NAFDAC, hukumar NESREA kuma ita ke tilasta bin ƙa'idodin kare ozon da aka fara fitarwa a 2009. Hikima ce direba ya riƙe rasiɗin sayen gas ɗin, da takardar bayanin haɗarinsa wadda kamfanin da ya yi shi ke bayarwa, a aljihun gaban mota. In jami'i ya tsayar da shi ya tambayi abin da ke cikin tukunyar, takarda ta fi dogon bayani. In kuma haɗari ya auku direba ya kasa magana, takardar ce za ta gaya wa 'yan kwana-kwana abin da za su tarar.

Rana da matsi

Abin da ke cikin tukunya ruwa ne da aka matse, da ɗan tururi a samansa, kuma ƙarfin matsin yana bin zafi ne, ba yawan gas ɗin ba. Tayar ƙaramar mota tana ɗauke da iska wajen 2 da 'yan kai a ma'aunin da a ke kira bar. Tukunyar R-32 a digiri 25 tana da kusan 17, a digiri 40 kusan 25, a digiri 50 ta haura 31, a digiri 60 kuwa tana neman 40. Shi ya sa masu yin gas ɗin ke gargaɗin kada a bari tukunya ta wuce wajen digiri 50. Duk wanda ya taɓa buɗe motar da ta wuni a rana, ya kasa riƙe sitiyari don zafi, ya san cikin mota rufaffiya ya kan wuce digiri 60 ba tare da wahala ba, ba sai a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu ba, ko a Fatakwal da Badun hakan na faruwa. Mai gyara da ya kulle tukunya a mota ya shiga gidan mai aiki ya yi awa uku, ya bar ta ne a tanderu.

Domin irin wannan hali aka yi wa tukunya mafitar gaggawa a kusa da wuyanta. A tukwanen tsohon gas na zubarwa, wani ɗan faifai ne da ke fashewa in matsi ya yi yawa, gas ɗin ya fita duka. A da yawa daga tukwanen A2L kuwa bawul ne mai buɗewa ya rage matsin sa'an nan ya koma ya rufe. An yi shi ne ya saki tururi, don haka sai tukunya tana tsaye ya ke aikinsa daidai. In tana kwance, ruwa ne a bakinsa, kuma lita ɗaya ta ruwan R-32 in ta fito ta kan zama tururi fiye da lita 400. Ga dalilin da ya sa a ke nanata cewa tukunya a tsaye ta ke tafiya, sai fa in masu ƙera ta sun rubuta a jikinta cewa an yi ta don kwanciya. Ruwan nan kuma yana tafasa ne a wajen digiri 52 ƙasa da sifiri, in ya taɓa fata ko ido ƙuna ya ke yi kamar wuta.

Lodi da tafiya

Tun a shagon mai sayarwa aikin ke farawa. A karanta rubutun da ke jikin tukunya da tambarinta, kada a dogara ga launi. A da kowane gas da launin tukunyarsa, amma daga 2020 masana'antun Amurka suka koma fenti ɗaya mai ruwan toka, masu kama wuta a yi musu jan zobe a kafaɗa, tukwanen da ke zuwa daga wasu ƙasashe kuma kowa da nasa launi. Wata alama ita ce bakin tukunyar mai kama wuta galibi ɗaurin hagu gare shi, don kada a haɗa shi da tiyon tsohon gas bisa kuskure. Wanda ya ga tiyonsa ya ƙi shiga kada ya tilasta shi da sifana, ya nemi mahaɗin da ya dace. Tukunyar da ta lotsa, ko tsatsa ta ci gindinta, ko aka kankare rubutunta, a bar wa mai ita kome arharta.

Kafin a ɗora ta a mota a rufe bawul sosai, a cire tiyo da geji, a mayar da murfin bakin, sa'an nan a shafa ruwan sabulu a ga ko zai yi kumfa, ko a gwada da na'urar gano yoyo wadda aka yi don gas mai kama wuta. Tsofaffin ma'aikata za su tuna da fitilar gwaji mai harshen wuta, wadda ke sake launi in ta shaƙi R-12 ko R-22. Wannan fitila zamaninta ya wuce, kada ta kusanci sabon gas ko kusa.

Motar da ta fi dacewa ita ce a-kori-kura mai buɗaɗɗen baya, a kafa mata maɗauri na ƙarfe a jikin bangon da ke bayan direba, a ɗaure kowace tukunya da ɗamara mai ƙarfi a tsakiyarta, a yi mata rumfar da iska ke ratsawa. Igiyar roba da a ke yankowa daga tsohon tiyub ba ɗauri ba ce, domin tana miƙewa, tukunya mai kilo 15 kuwa in aka taka birki da ƙarfi ta kan tashi kamar dutsen majajjawa, in wuyanta ya karye kuma ba mai iya tare ta. In rufaffiyar motar kaya ce, lalle a sami shamaki tsakanin direba da kaya, a kuma huda mata mafitar iska biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa daf da daɓe. Ta ƙasan ita ce mai muhimmanci tun da gas ɗin kwanciya ya ke yi, ita ce kuma aka fi mantawa da ita, ko a toshe ta da akwatin kayan aiki. Motar da ba ta da mafitar iska, a rubuta gargaɗi a ƙofarta ta baya, mai buɗewa kuma ya buɗe ya ja gefe na ɗan lokaci kafin ya sa kansa ciki.

Sanin kowa ne cewa mafi yawan masu wannan sana'a ba su da motar kansu, da babur ko keke mai ƙafa uku ko ƙaramar motar gida su ke zuwa aiki, kuma ba amfani a yi kamar ba haka ba ne. Wanda larura ta sa ya ɗauki tukunya a ƙaramar mota, ya ɗauki ɗaya tak, ya tsayar da ita ya ɗaure, ya sauke gilasai, ya miƙe kai tsaye zuwa wurin aiki, ya sauke ta da isarsa. A babur kuma a yi mata kwando na ƙarfe da zai riƙe ta a tsaye nesa da salansa, a daina ba yaron shago ita ya rungume a cinya. Shiga motar haya da ita a tsakiyar fasinjoji, wannan kam bai kamata ba ko kaɗan, gama an sa mutanen da ba su sani ba cikin haɗarin da ba su yarda da shi ba.

Ba tukunyar gas kaɗai ke cikin motar mai gyara ba, akwai tukunyar oksijin da ta gas ɗin walda, wani lokaci da janareta da jarkar fetur da batir. Oksijin ba ya ci da kansa, amma in ya haɗu da gas mai kama wuta kaɗan sai "kaɗan" ɗin ta tafi, wutar ta yi ƙarfi. A cire musu geji, a raba su gwargwadon faɗin motar, a rufe kawunan batir, fetur kuma in da hali ya bi wata tafiyar. Ba shan taba a cikin motar ko kusa da ita. Abin kashe gobara a rataye shi kusa da ƙofar direba inda hannu zai kai, ba can ƙarƙashin kaya ba.

In an ji yoyo ko wuta ta tashi

Direban da ya ji tsaki daga baya, ko ya ji jiri ba dalili, ya ratse gefen hanya nesa da masu suya da masu shayi da gidan mai, ya kashe inji, kowa ya fita, a buɗe ƙofofi duka. In bawul ne bai rufu ba kuma hannu zai kai ba tare da an shiga ciki ba, a rufe da safar hannu. In ya ƙi, a bar tukunyar ta ƙare a sarari, a hana jama'a matsowa, a kuma kula da kwata da rami, domin can gas ɗin zai gangara.

In wuta ta kama taya ko kujera tun tana ƙarama, abin kashe gobara zai yi aiki. In ta kai ga tukwane kuwa, ba sauran jarunta, a janye kowa nesa, a tsaya ta inda iska ke fitowa, a kira lamba 112, ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. Tukunyar da wuta ke lasa tana iya tarwatsewa ko da wane irin gas ne a cikinta. Hayaƙin kuma ya fi harshen wutar illa, domin gas ɗin nan in ya ƙone ya kan haifar da wata guba mai suna haidurojin fuloraid, wadda ke cin huhu da ido da fata, kuma illarta kan jinkirta bayyana. Wanda ya shaƙa a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, a kuma gaya wa likita sunan gas ɗin. 'Yan kallo da ke taruwa a kan kowace gobara su ne suka fi bukatar a kore su.

Saura tukunyar da aka ce ta ƙare. Muddin ba a zuƙe ta da injin zuƙa ba akwai sauran tururi a cikinta, saboda haka hukuncinta a mota ɗaya ne da cikakkiya: a rufe, a tsayar, a ɗaure. Tukunyar zubarwa ba a sake cika ta, ba a mai da ita tankin iska, ba a ba mai walda ya yanka ta ya yi murhu, ba a kuma sayar wa 'yan gwangwan sai an zuƙe ta sarai. Gas ɗin da aka kwaso daga na'urar mai aiki a zuba shi a tukunyar kwasa wadda aka yi don mai kama wuta, a ɗora ta a sikeli, kada a wuce kashi 80 cikin 100 na cikinta don ruwan ya sami wurin kumbura in ya ji zafi, a rubuta sunan gas ɗin a jikinta, a kuma duba ranar gwajinta da aka buga a kafaɗa ko a mariƙi. Da an tashi daga aiki da yamma, a sauke tukwanen duka, cikakku da waɗanda suka ƙare, a ajiye su a inuwa a wurin da iska ke wucewa, a kulle, nesa da janareta da ɗakin da maigadi ko yaran shago ke kwana.